Karl Schwarzschild: Sojan igwa da ya gano iyakar baƙin rami

Karl Schwarzschild, masanin taurari ɗan ƙasar Jamus wanda ya mutu a shekarar 1916 yana da shekaru 42, shi ne mutum na farko da ya warware lissafin Albert Einstein kan ƙarfin janyowa, warwara cikakkiya.

Ya yi wannan aiki ne yana sanye da kakin soja, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, watanni kaɗan kafin cutar da ta zama ajalinsa ta kwantar da shi.

A cikin lissafin nasa ne aka fara ganin wata iyaka a sararin samaniya wadda duk abin da ya ƙetare ta ba ya komowa, ko da haske ne. Abin da ke bayan wannan iyaka shi ake kira baƙin rami a yau.

Daga wannan lissafi ne kuma wata tambaya ta taso wadda masana ke muhawara a kanta fiye da shekaru 50: shin sararin samaniya baki ɗayansa, da rana da wata da taurari da duniyar da muke takawa, yana cikin wani ƙaton baƙin rami ne?

Yarinta da karatu

An haifi Karl Schwarzschild ranar 9 ga watan Oktoba na shekarar 1873 a birnin Frankfurt, a wani gidan Yahudawa masu hali. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, kuma Karl ne babba a cikin 'ya'yansa shida.

Ya yi makarantar firamare ta Yahudawa har ya kai shekaru 11, sannan ya shiga sakandaren birnin. Tun a lokacin ya kan tara kuɗin kashewarsa ya sayi gilasai, ya harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa.

Wani abokin mahaifinsa, malamin lissafi mai suna Epstein, yana da ɗan ɗakin duban taurari na kansa. A can yaron ya koyi aiki da na'urori, ya kuma koyi lissafin da ya girmi na ajinsu.

Yana da shekaru 16, a shekarar 1890, mujallar masana taurari ta Jamus, Astronomische Nachrichten, ta buga maƙalu biyu da ya rubuta kan yadda ake lissafa hanyar da taurari ke bi yayin da suke kewaya juna.

Ya shiga Jami'ar Strasbourg a 1891, bayan shekaru biyu ya koma ta Munich, inda ya sami digirin digirgir a 1896 a hannun Farfesa Hugo von Seeliger.

Aikinsa na farko shi ne na mataimaki a cibiyar nazarin taurari ta Kuffner da ke Viyana, babban birnin Austiriya, daga 1896 zuwa 1899.

A wancan zamani da ido ake ƙiyasta hasken tauraro, kuma idon wani ba na wani ba ne. Schwarzschild ya gano ƙa'idar da ke nuna yadda allon ɗaukar hoto ke yin duhu gwargwadon ƙarfin haske da kuma tsawon lokacin da aka bar shi a buɗe. Da ita aka sami damar auna hasken taurari daga hoto, kuma har yau da sunansa ake kiran ƙa'idar.

Tambayar shekarar 1900

A shekarar 1900, a taron ƙungiyar masana taurari da aka yi a garin Heidelberg, Schwarzschild ya gabatar da wata maƙala da ta taɓa abin da mutane suka ɗauka an gama magana a kansa tun zamanin Girkawa.

Fiye da shekaru 2,000 ke nan littafin Uƙlidis, malamin birnin Iskandariyya, shi ne madogarar ilmin auna fili da siffofi. Littafin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya koma Sakkwato a shekarar 1826, cikin tsarabar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da wannan littafi da Larabci. Clapperton ya rubuta cewa Sarkin Musulmi ya shaida masa gidansu ya taɓa mallakar kwafi ɗaya da aka zo da shi daga Makka, amma gobara ta cinye shi.

Uƙlidis ya koyar cewa kusurwoyi uku na alwatika, idan aka haɗa su, digiri 180 suke bayarwa. Hakan gaskiya ne a kan allo ko takarda. To amma idan aka zana alwatikar a bayan ƙwarya, jimlar takan zarce 180, domin bayan ƙwarya a lanƙwashe yake.

Tururuwar da ke tafiya a bayan ƙwarya za ta ɗauka miƙaƙƙiyar hanya take bi, alhali idan ta ci gaba za ta dawo inda ta tashi. Schwarzschild ya tambaya ko mu ma haka muke, wato ko shi kansa sararin samaniya a lanƙwashe yake ba mu sani ba.

Ya ɗauki wannan a matsayin abin da awo zai yanke wa hukunci. Ya yi amfani da nisan taurarin da aka sani a lokacin, ya nuna cewa idan ma akwai lanƙwasar, to mai faɗi ce ƙwarai, ya kuma ƙididdige mafi ƙanƙantar faɗin da za ta iya kasancewa.

Wannan ya faru shekaru 15 kafin Einstein ya kammala nazariyyarsa, wadda ta ginu a kan lanƙwasar sarari.

Göttingen da Potsdam

A shekarar 1901 aka naɗa shi farfesa kuma shugaban cibiyar nazarin taurari ta Jami'ar Göttingen, yana ɗan shekara 28. Göttingen ce matattarar manyan malaman lissafi na lokacin, irin su David Hilbert da Felix Klein da Hermann Minkowski, kuma ya yi cuɗanya da su sosai.

A can ya jagoranci auna hasken taurari kimanin 3,500 ta hanyar hoto. A watan Agusta na 1905 ya je garin Guelma na ƙasar Aljeriya domin ɗaukar hoton husufin rana. A shekara mai bi ya fitar da bayanin yadda zafi ke ratsa saman rana ta hanyar haske, bayanin da ya zama harsashin nazarin cikin taurari.

A shekarar 1909 ya auri Else Rosenbach, 'yar wani farfesan tiyata na jami'ar. A wannan shekarar ce kuma aka ba shi shugabancin cibiyar nazarin taurari ta Potsdam, kusa da Berlin, muƙamin da ya fi kowane girma a fagen ilmin falaki a Jamus. Bayan 'yan shekaru aka zaɓe shi mamba na Majalisar Masana Kimiyya ta Prussia, wadda Einstein ma ya zama mamba a cikinta.

A fagen daga

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, Schwarzschild ya haura shekaru 40, yana da mata da ƙananan 'ya'ya da babban muƙami. Duk da haka ya miƙa kansa ga aikin soja.

An fara tura shi Namur a ƙasar Beljiyam ya kula da tashar hasashen yanayi. Daga nan aka mayar da shi rundunar igwa, inda aikinsa shi ne lissafa inda harsashi mai cin dogon zango zai faɗa, idan aka yi la'akari da iska da yanayi. Ya yi aiki a Faransa da kuma ɓangaren Rasha, ya kai muƙamin laftanar.

Yaƙin ya taɓa arewacin Najeriya ma. A daidai waɗannan watanni sojojin Najeriya ƙarƙashin Turawan Ingila suna gwabzawa da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a watan Yuni na 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a watan Fabrairu na 1916.

A watan Nuwamba na 1915, Einstein ya gabatar wa Majalisar Masana ta Berlin sabuwar nazariyyarsa. Tun zamanin Isaac Newton ana ɗaukar janyowa a matsayin wani ƙarfi da ke fizgar abu zuwa ga abu, kamar yadda ƙasa ke fizgo mangwaron da ya tsinke. Einstein ya ce abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi a kewayensa, kamar yadda dutsen niƙa zai lotsa zanen da mutane huɗu suka ɗame. Duk abin da ya zo wucewa kusa, sai ya bi gangaren.

Hujjarsa ta farko ita ce tauraruwar Uɗaridu, wadda ta fi kowace kusa da rana. Tun shekarar 1859 aka lura hanyarta tana gocewa kaɗan daga lissafin Newton. Idan aka raba digiri ɗaya gida 3,600, gocewar gida 43 ce a cikin shekaru 100. Lissafin Einstein ya fitar da wannan adadi daidai.

Sai dai lissafin yana da sarƙaƙiya matuƙa, har Einstein da kansa da ƙiyasi ya warware shi. Schwarzschild ya karanta maƙalar a bakin aikinsa na soja, kuma cikin 'yan makonni ya samo cikakkiyar warwara ga tauraro guda, mai siffar ƙwallo, wanda ba ya juyawa.

Ranar 22 ga watan Disamba na 1915 ya aika wa Einstein sakamakon a wasiƙa. Einstein ya amsa masa da cewa bai zaci za a iya warware matsalar cikin sauƙi haka ba, sannan ranar 13 ga watan Janairu na 1916 ya karanta maƙalar a gaban Majalisar a madadinsa.

Wani ɗalibi a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, Johannes Droste, ya kai ga wannan sakamako shi kaɗai bayan 'yan watanni, amma Schwarzschild ya riga shi.

Iyakar da ba a komowa

Warwarar ta bayyana tafiyar Uɗaridu yadda ake bukata, amma ta zo da wani abin da ba a nema ba. A wani takamaiman nisa daga tsakiyar tauraron, lissafin yakan rikice: lokaci kamar ya tsaya, haske kuma ya kasa fita.

Ana iya fahimtar wannan ta hanyar gudun tsira. Kumbon da zai kuɓuce wa janyowar duniya sai ya yi gudun kilomita 11 a daƙiƙa guda. Daga saman rana sai ya yi fiye da kilomita 600. Idan aka matse tauraro, nauyinsa yana nan amma jikinsa ya ƙanƙance, gudun da ake bukata ƙaruwa yake yi. A ƙarshe zai kai gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma babu abin da ya fi haske gudu.

Misalinsa kamar mai kwalekwale ne a Gulbin Rima da damina. Muddin tuƙinsa ya fi gudun ruwa zai iya komawa baya, amma da zarar ya shiga inda ruwa ya fi ƙarfin hannunsa, duk inda ya juya kan jirgin gaba zai ci gaba da tafiya.

Nisan wannan iyaka ya dogara ne ga nauyin abu kawai. Ga rana, kilomita 3 ne daga tsakiya. Wato sai an matse rana, wadda faɗinta ya kusa kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, ta koma kilomita 6, tafiyar da mai kabu-kabu zai yi da fasinja daga Sabon Garin Sakkwato cikin kimanin minti goma. Ita kuwa duniya sai ta koma kamar ɗan magarya, faɗin da bai kai santimita 2 ba.

A maƙalarsa ta biyu, wadda aka gabatar ranar 24 ga watan Fabrairu na 1916, Schwarzschild ya duba cikin tauraron. Ya gano abubuwa biyu. Na farko, sararin da ke cikin irin wannan ƙwallo a lanƙwashe yake kamar bayan ƙwarya, irin siffar da ya yi tambaya a kanta a Heidelberg. Na biyu, tun kafin matsewar ta kai ga iyakar, matsin da ke tsakiyar tauraron zai wuce duk wani ƙiyasi. Saboda haka ya ɗauka babu tauraron da zai kai can a zahiri.

Tun a shekarar 1783 wani limamin coci ɗan Ingila, John Michell, ya yi hasashen tauraron da haskensa ba zai iya barinsa ba, Bafaranshe Pierre-Simon Laplace ma ya faɗi makamancin haka a 1796. Amma an manta da maganarsu, kuma ba ta ginu a kan lanƙwasar sarari ba.

Rashin lafiya da mutuwa

A fagen daga ne Schwarzschild ya kamu da cutar pemphigus, wadda ke sa garkuwar jiki ta juya ta yaƙi fatar mai ita, ƙuraje masu ruwa su feso a jiki da cikin baki. A wancan lokaci ba ta da magani.

An dawo da shi gida a watan Maris na 1916. A kan gadon jinya ya kammala wata maƙala kan yadda wutar lantarki ke shafar hasken da ƙwayar zarra ke fitarwa.

Ya mutu a Potsdam ranar 11 ga watan Mayu na 1916, aka binne shi a Göttingen. Einstein ne ya yi jawabin tunawa da shi a gaban Majalisar Masana.

Daga lissafi zuwa hoto

An ɗauki shekaru kusan 50 kafin masana su yarda cewa iyakar tana nan a zahiri. A shekarar 1939 Einstein ya buga maƙala yana kafa hujjar cewa abu ba zai matsu har ya kai gare ta ba. A wannan shekarar ce kuma Robert Oppenheimer da ɗalibinsa Hartland Snyder suka nuna a Amurka cewa ƙaton tauraron da makamashinsa ya ƙare zai rufta a kan kansa, ya shige bayan iyakar.

A 1958 David Finkelstein ya fayyace cewa iyakar ƙofa ce ta shiga kawai, kuma mai ƙetare ta ba zai ji ya taɓa wani bango ba. A 1965 Roger Penrose na Birtaniya ya tabbatar da cewa irin wannan ruftawa sakamako ne na dole a nazariyyar Einstein. Daga 1967 John Wheeler ya yayata sunan baƙin rami.

Ranarmu ba ta da nauyin da zai kai ta ga haka. Sai tauraro ya ninka ta kimanin sau 20 ko fiye.

Daga bisani na'urori suka kawo shaida. Ranar 14 ga watan Satumba na 2015 na'urar LIGO a Amurka ta ji girgizar sarari daga karon baƙaƙen ramuka biyu. Ranar 10 ga watan Afrilu na 2019 aka nuna wa duniya hoton farko na inuwar baƙin rami, wanda ke tsakiyar gungun taurari na M87, mai nauyin rana biliyan shida da rabi. A watan Mayu na 2022 aka fitar da hoton wanda ke tsakiyar namu gungun, mai nauyin rana kimanin miliyan huɗu.

A shekarar 2020 Penrose ya raba kyautar Nobel da Reinhard Genzel da Andrea Ghez, waɗanda suka shafe shekaru suna bin sawun taurarin da ke kewaya wannan rami.

Shin a cikin baƙin rami muke?

Mutane da yawa sun ɗauka baƙin rami wuri ne cunkusasshe a kowane hali. Lissafin Schwarzschild ya nuna hakan ya tsaya ne ga ƙananansu.

Idan nauyin rami ya ninka sau biyu, faɗin iyakarsa ma sau biyu yake ninkawa, amma filin da ke ciki sau takwas. Wato gwargwadon girman ramin, gwargwadon sakwarkwacewar abin da ke cikinsa. Ramin da ya ɗan haura nauyin rana miliyan 100, idan aka raba nauyinsa a kan girmansa, bai fi ruwa kauri ba. Na M87 bai ma kai iskar da muke shaƙa ba.

Daga nan sai masana suka gwada lissafin a kan sararin samaniya gaba ɗaya. Tun shekarar 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa gungun taurari suna nisantar juna, kuma mafi nisa shi ya fi gudu. A nisan da haske zai shafe kimanin shekaru biliyan 14 kafin ya ratsa, saurin nisantar yakan kai gudun haske.

Sararin da ke cikin wannan da'ira kusan fanko ne. Idan aka baje duk abin da ke cikinsa, nauyin bai wuce na ƙwayoyin zarra na haidirojin biyar ko shida ba a cikin akwatin da kowane ɓangarensa mita ɗaya ne. Amma saboda girman filin, jimlar nauyin tana da yawan gaske. Da aka saka ta a ƙa'idar Schwarzschild, iyakar da ta fito ita ma kimanin shekarun haske biliyan 14 ce.

Wannan dacewa ce ta sa masanin kimiyya ɗan asalin Indiya, Raj Kumar Pathria, ya rubuta a mujallar Nature a shekarar 1972 cewa mai yiwuwa sararin samaniya cikin baƙin rami yake. Masanin lissafi I. J. Good ya faɗi makamancin haka a wannan shekarar.

A 1992 Lee Smolin ya kawo shawarar cewa kowane baƙin rami yana iya haifar da sabon sarari a cikinsa. A 2010 Nikodem Popławski, ɗan asalin Poland, ya yi lissafin cewa abin da ya rufta ba ya ƙarewa a ɗigo guda, yakan kai wani matsayi na matsewa ya yi tsalle ya sake buɗewa. A ganinsa wannan buɗewa ce masana ke kira babbar fashewa, wadda aka ƙiyasta ta auku shekaru biliyan 13.8 da suka wuce.

Maganar ta sake tasowa a shekarar 2025. Lior Shamir na Jami'ar Jihar Kansas ya duba gungun taurari 263 a hotunan madubin James Webb, ya ce kimanin kashi biyu cikin uku ɓangare ɗaya suke juyawa. Idan sararin kansa yana juyawa, to yana iya kasancewa ya gaji juyin ne daga ramin da ya haife shi. A wannan shekarar Enrique Gaztañaga na Jami'ar Portsmouth da abokan aikinsa suka buga wani lissafin da ke nuna ruftawa da sake buɗewa a cikin iyakar wani ƙaton rami.

Hujjojin masu suka

Akasarin masana ba su karɓi wannan ra'ayi ba, kuma suna da dalilai.

Na farko, sun ce dacewar lambobin biyu ba shaida ba ce. Lissafin da Alexander Friedmann ɗan Rasha ya fitar daga nazariyyar Einstein a 1922 ya nuna cewa duk sararin da ke faɗaɗa, wanda kuma ba shi da lanƙwasa a jimlace, dole lambobin su zo daidai, ko da rami ko babu.

Na biyu, alƙibla ta bambanta. A cikin baƙin rami komai yana gangarawa ne zuwa ga matsewa, ƙarshen yana gaba. A sararinmu matsewar tana baya, abubuwa kuma rabuwa suke yi. A shekarar 1998 ma ƙungiyoyi biyu na masana suka gano cewa saurin rabuwar ƙaruwa yake yi.

Na uku, Schwarzschild ya gina lissafinsa ne a kan tauraro guda da fanko ya kewaye. Sararin da muke gani kuwa kusan iri ɗaya ne ta kowace fuska, babu tsakiya, babu alamar baki. Da'irar shekarun haske biliyan 14 ɗin ma ta mai kallo ce, kamar yadda matafiyi a fili yake ganin sama ta haɗu da ƙasa, wanda ke wani gari kuma tasa da'irar daban.

Game da juyin gungun taurari, wasu binciken da suka ƙunshi gungu dubbai ba su ga wani fifiko ba. Shi kansa Shamir ya ce mai yiwuwa juyin gungunmu ne yake sa masu juyawa ta wani ɓangare su fi haske a idon na'ura, su fi shiga ƙidaya.

Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan: wanda ke cikin iyakar ba zai iya fita ya duba ta daga waje ba. Saboda haka sai dai a nemi alama daga ciki. Lissafin Gaztañaga ya yi hasashen cewa za a sami 'yar lanƙwasa irin ta bayan ƙwarya. Awon da kumbon Planck na Turai ya yi, haɗe da wasu, ya nuna cewa idan akwai ta, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A watan Yuli na 2023 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba wani madubin da zai taimaka wajen ƙara tantance siffar sararin, aka kuma sa masa sunan Uƙlidis.

Wato tambayar da Schwarzschild ya yi a Heidelberg a shekarar 1900, da hanyar da ya ce a bi wajen amsa ta, su ne har yanzu a hannun masana.

Iyalinsa da abin da ya bari

Schwarzschild ya bar mata da 'ya'ya uku, babbarsu ba ta wuce shekaru shida ba. Hidimar da ya yi wa Jamus ba ta kare su ba bayan 'yan Nazi sun karɓi mulki a 1933, saboda asalinsa na Bayahude.

Babbar 'yarsa, Agathe, ta bar ƙasar, daga baya ta zama farfesar harsunan Girka da Latin a Jami'ar Otago ta ƙasar New Zealand, ta mutu a 2006.

Na biyun, Martin, ya fita a 1936, ya isa Amurka, ya shiga sojanta a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zama farfesa a Jami'ar Princeton kuma ɗaya daga cikin manyan masana rayuwar taurari, fagen da mahaifinsa ya aza wa harsashi. Ya mutu a 1997.

Autan, Alfred, ya zauna a Jamus, ya mutu a can a shekarar 1944 cikin tsananin ƙuncin da aka jefa Yahudawa.

A yau babbar lambar yabon ƙungiyar masana taurari ta Jamus da sunan Karl Schwarzschild ake bayar da ita. Haka kuma an sa sunansa ga cibiyar nazarin taurari da aka buɗe a Tautenburg a 1960, da wani rami a ɓangaren wata da ba a gani daga duniya, da kuma wani dutsen sararin samaniya mai lamba 837.